Mene Ne A Bayan Katangar Nan? Rubutaccen Shirinmu Kan Siton Kemikal A Cikin Unguwa

  

Yau ba ni da baƙo, ni kaɗai ne, domin maganar daga gidanmu ta taso.

A bayan layinmu a nan Kano akwai wata doguwar katanga mai baƙin get. Tun ina firamare nake ganin manyan motoci suna shiga da shuɗayen durom suna fitowa. Kowa a unguwa "siton kemikal" yake ce mata, shi ke nan. Idan zafi ya tsananta a watan Maris da Afrilu, wani wari ne yake tasowa mai kama da fenti haɗe da maganin ƙwari, har ka ji shi a maƙogwaro. Da hunturu kuma sai wajen asuba yake kwantowa cikin gidaje. Mun saba da shi har mun daina maganarsa. Baƙo ne kawai zai shigo ya ce, "Kai, wannan warin fa?" Mu ce masa, "Ai siton nan ne."

Bara da hunturu ƙanwata ta tashi da daddare numfashi ya sarƙe mata. Dama tana da asma. Muka ɗauke ta a adaidaita sahu sai asibiti. Bayan ta samu sauƙi, likita ya tambayi Ummanmu ko ana girki da gawayi a ɗaki, ko ana kunna maganin sauro. Umma ta ce a'a, sai dai warin sito. Ya ce, "Hajiya, wane irin kemikal ne a ciki?" Umma ta juyo ta kalle ni, wai ni da na yi jami'a. Wallahi ban da amsa. Shekara ashirin da wani abu ina shaƙar abu, ko sunansa ban sani ba.

Washegari na je bakin get ɗin. Na gaishe da mai gadi, dattijo ne, na ce, "Baba, don Allah me ake ajiyewa a nan?" Ya ce, "Ɗana, ni buɗewa da rufewa ne aikina. Ni ma da tarin nake kwana." Wannan amsar ce ta sa na fara bin maganar, kuma abin da na samo shi zan ba ku yau.

Da farko, bari mu fahimci yadda kayan da ke ajiye suke gurɓata iska, domin mutane da yawa suna ɗauka sai masana'anta mai hayaƙi ce take gurɓatawa. Akwai sinadarai masu saurin zama tururi, irin su fetur, tina ta masu fenti, da ruwan da ake narka wasu magungunan feshi a ciki. Ka bar kwalbar fetur a buɗe a rana, ka dawo ka ga ta ragu. Ina ya tafi? Iska ya shiga. To haka durom yake idan murfinsa ya saki ko ya yi tsatsa. Babban tanki ma numfashi yake yi: da rana zafi ya kumbura tururin da ke samansa ya fita ta bututu, da dare ya huce ya zuƙi sabuwar iska, gobe a sake. Sannan duk lokacin da ake ɗura wa tanka kaya, ruwan da ke shiga yana koro tururin da ke cikinta waje. Ba gobara, ba hatsari, amma kullum ana fitarwa.

Me ya sa warin ya fi damunmu da asubar hunturu? Saboda da dare ƙasa tana hucewa, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta daga sama kamar an kifa faifai a kan ƙwarya. Duk abin da ya fito ba ya tashi sama, nan yake yawo tsakanin gidaje. Ku lura da hayaƙin mai ƙosai da sassafe a lokacin sanyi, yadda yake shimfiɗewa a kan layi. Tururin sito ma haka yake yi, bambancin kawai shi ido ba ya ganinsa.

Kuma hanci ba ma'auni ba ne. Akwai wani sinadari da ake kira benzin, yana cikin fetur da wasu kayan masana'antu. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, musamman kansar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu wani adadinsa a iska da za a ce ba shi da haɗari. Kafin hancinka ya ji ƙanshinsa, ya riga ya yi yawa sosai.

To wannan shi ne na yau da kullum, mai cin mutum a hankali. Akwai kuma na rana ɗaya.

A daren 2 ga Disamba 1984, wayewar 3 ga wata, a birnin Bhopal na Indiya, ruwa ya shiga wani tankin ajiya a masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide. Kusan tan 40 na iska mai guba suka fita suka bi unguwannin talakawa da ke jikin katanga. Gwamnatin jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 3,787, masu fafutuka suna cewa adadin ya ninka haka, kuma sama da mutum dubu 500 ne suka shaƙa. Mafi yawansu ba su taɓa sanin abin da ke cikin tankin ba. Likitocin da aka kai wa mutane a daren ma ba su samu cikakken bayanin abin da za su yi magani a kai ba. Ku tuna tambayar da likita ya yi wa Ummata.

Kada wani ya ce ai wannan tsohon zance ne. A ranar 7 ga Mayu 2020, a Visakhapatnam, can Indiya dai, wani tankin sinadarin roba na kamfanin LG Polymers ya yi zafi bayan zaman kullen korona, tururi ya fita kafin asuba mutane suna barci. Mutum 12 suka rasu, ɗaruruwa aka kwantar. Bayan wata uku, ranar 4 ga Agusta, kowa ya ga bidiyon Bairut: tan 2,750 na sinadarin da ake haɗa taki da shi, an jibge a sito a tashar jiragen ruwa kusan shekara shida, ya tashi da mutum sama da 200.

Har Amurka ba ta tsira ba. A watan Maris 2019, a garin Deer Park kusa da Houston, wata tashar ajiyar sinadarai ta kama da wuta, ta yi kwana uku tana ci. Masu bincike sun gano cewa kaya sun yi kusan rabin awa suna tsiyaya daga wani famfo, babu na'urar da za ta yi ƙara a wurin. Bayan an kashe wutar, benzin ya yi yawa a iska har aka ce mutane su kulle kansu a gida, aka rufe makarantu. Amma ku lura da wani abu: an ce su kulle kansu ne saboda akwai masu aunawa. An ga lamba ta hau, aka sanar. A layinmu wa zai ga lambar?

Nan ne nake so mu tsaya. Bayan Bhopal, a 1986, Amurka ta yi doka da ta tilasta wa duk mai ajiye sinadarai masu haɗari da yawa ya kai jerin sunayensu da adadinsu ga 'yan kwana-kwana da kwamitin gaggawa na yankinsa, kuma ɗan unguwa yana da haƙƙin ya nema a nuna masa. Turai ta riga su, tun 1982, bayan hatsarin garin Seveso na Italiya a 1976. Sannan a 2015 Amurka ta ƙara wani mataki a kan matatun mai: dole a jera ƙananan bututun auna benzin a kewayen katanga, a kwashe su duk sati biyu a kai ɗakin gwaji. Idan matsakaicin shekara ya wuce maikirogiram 9 a kowace mita kubik ta iska, dole kamfani ya nemo inda yake yoyo ya toshe, kuma sakamakon a buɗe yake ga kowa. Dabarar mai sauƙi ce: a auna a daidai inda iskar kamfani take zama iskar maƙwabta.

Yanzu mu dawo gida. Shin mu ba mu da doka ne? Muna da ita, kuma tarihinta ma daga durom ya fara. A 1988 aka gano dubban durom na dattin masana'antu mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a wani fili a garin Koko, jihar Delta ta yanzu, ana biyan mai filin kusan dala 100 a wata. Kun san su wa suka tona? Ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya, su suka rubuto wa jaridun gida. Matasa irinmu. A shekarar gwamnati ta yi dokar hana shigo da datti mai guba, ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A 1992 aka yi dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. A 2007 aka kafa NESREA, hukumar da ke tabbatar da bin dokokin muhalli, kuma a 2014 aka fitar da ƙa'idojin ingancin iska. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ma ya ambaci iska da sunanta cikin abubuwan da gwamnati za ta kare.

To ina gizo yake saƙa? A ganina wuri uku ne.

Na ɗaya, aikin a rarrabe yake. Dokar NESREA ta cire harkar mai da gas daga hannunta, don haka defo na mai yana ƙarƙashin hukumar NMDPRA da dokar man fetur ta 2021 ta kafa. Shigo da kemikal da maganin ƙwari yana hannun NAFDAC. Izinin gini da amfani da fili na hukumar tsara birane ta jiha ne. Lafiyar ma'aikata a cikin masana'anta ta ma'aikatar ƙwadago ce. Kowa yana riƙe da ƙafa ɗaya ta saniya. Ni da kaina ofis uku na shiga a kan siton layinmu, kowanne ya karɓe ni da mutunci, kowanne ya nuna mini ƙofar wani.

Na biyu, manyan kamfanoni ake gani, ƙananan sito ba a ganinsu. Mutum zai kama hayar gida mai ɗaki huɗu a tsakiyar unguwa, ya cire kujeru ya cika shi da katan-katan na maganin feshi, ko kemikal na majema, ko ƙwayar nan da ake sakawa a buhun wake da masara. Ita wannan ƙwayar, da ta ji danshi take sakin iska mai kisa. Ba allo a ƙofa, ba tagar shan iska ta kirki, katanga ɗaya tsakaninsa da ɗakin da jariri yake kwana.

Na uku, gari ya cim ma masana'antu. Bompai, Sharaɗa, Chalawa, lokacin da aka ware su bayan gari ne. Yau gidaje da makarantun Islamiyya sun kewaye su. A Legas ma mutanen Ijegun da Apapa sun daɗe suna kuka da tankunan mai da ke maƙwabtaka da gidajensu.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasan wannan shiri, don an riga an faɗa mini a majalisarmu. Wani abokina ya ce, "Malam, siton nan ya riga gidanku zuwa. Ku kuka same shi." Gaskiya ne, ban musa ba. Amma mahaifina bai yanka wa kansa fili ba, sayar masa aka yi, da takarda da hatimi. Wanda ya ba sito izini da wanda ya ba gida izini, gwamnati ɗaya ce. Kuma ko da mu muka same shi, rigaye ba ya ba mutum ikon zuba wa maƙwabcinsa abu a huhu. Wani kuma ya ce, "So kake a rufe, yaran unguwa su rasa aikin dako?" A'a. Manomi yana buƙatar maganin feshi, majemi yana buƙatar kayan aikinsa, masu dakon nan ƙannenmu ne. Su ne ma suka fi kowa shaƙa, ba safar hannu, ba abin rufe hanci. Gyaran da nake nema su zai fara amfana.

Abu huɗu nake nema, kuma babu wanda ya gagari mai niyya.

Ɗaya, a san abin da ke ciki. Duk mai ajiye kemikal da ya kai wani adadi ya yi rajista, ya ba 'yan kwana-kwana, asibiti mafi kusa da mai unguwa jerin kayansa. A kafa allo a bakin get da alamar haɗari da lambar waya, da Hausa, boko da ajami. Wannan har ran 'yan kwana-kwana yake karewa, domin akwai kemikal da idan ka watsa masa ruwa ƙara masifa kake yi.

Biyu, a auna a bakin katanga, a liƙa sakamakon inda kowa zai gani. Kuɗin awon a kan mai kaya, amma ba shi zai zaɓi mai awon ba.

Uku, a sa tazara, kuma tazarar ta ɗaure kowa. Kada a ba sabon sito izini a jikin gidaje, kada kuma a yanka filaye a jikin tsohon sito. Inda an riga an cakuɗe, a ba masu kaya mafi haɗari wa'adi da wurin komawa, ba a wayi gari da buldoza ba.

Huɗu, gyaran da ke rage tururin tun daga tushe: durom a inuwa ba a rana ba, murfi mai kyau, raba kayan da ba sa jituwa, manyan tankuna a sa musu murfi mai iyo a kan kayan don kada tururi ya samu wurin taruwa, da na'urar kama tururi a wurin lodi. Mai kaya ma riba zai ci, don abin da iska take ɗauka kuɗinsa ne.

Kafin gwamnati ta motsa, mu me za mu yi? Ku ji misalin kudancin Durban a Afirka ta Kudu, inda unguwannin talakawa suke zaune tsakanin matatun mai da tankunan kemikal. An daɗe ana ce musu ba su da hujja. Sai suka koyi ɗibar iska da bokiti: bokitin roba mai murfi, da leda ta musamman a ciki, da ɗan famfo. Idan wari ya taso su ɗiba, a aika ɗakin gwaji. Sakamakon ya nuna benzin da wasu sinadarai, magana ta sauya. Matsin lambar irin waɗannan unguwanni yana cikin abin da ya kai ƙasar ga sabuwar dokar ingancin iska a 2004.

Mu a layinmu da littafi muka fara, na 'yan makaranta mai shafi 60. Duk wanda ya ji wari ya rubuta rana, lokaci, irin warin, daga ina iska take kaɗawa, da abin da ya ji a jikinsa. Gida takwas ne suke rubutawa, kuma mata sun fi mu ƙoƙari, don su ne a gida. Da muka kai wa mai unguwa, na ce, "Ranka ya daɗe, ba rigima muka kawo ba, rubutu muka kawo." Ya buɗe ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce zai kira mai siton. An zauna sau ɗaya. Mutumin bai ba mu jerin kayan ba tukuna, amma durom ɗin da suke jibge a rana a jikin katangarmu an matsar da su ƙarƙashin rumfa. Ƙaramin abu ne, amma a shekara ashirin shi ne na farko.

Sai takarda. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumar tarayya kwana 7 ta amsa maka. Ku rubuta, ku tambaya ko wurin yana da rajista, yaushe aka duba shi, me aka gani. Ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Idan kuma sabon babban aiki ne za a kawo muku, ana baje rahoton tantance muhalli na kwanakin aiki 21 don jama'a su yi magana. Ku je ku karanta, ku rubuta ƙorafi kafin a zuba fandisho. Akwai ɗaliban kimiyyar sinadarai da na muhalli a jami'o'inmu da suke neman abin da za su yi firojet a kai. Ga shi nan a bayan gidanku.

Abu na ƙarshe, don Allah ku riƙe wannan ko da kun manta sauran. Idan wari mai ƙarfi ya taso, ido yana yaji, numfashi yana kamawa, kada ku je kallo. Mu da son kallo. Ku duba inda iska take kaɗawa, ku ratsa ta gefe, kada ku gudu tana bin bayanku. Yawancin irin wannan tururi ya fi iska nauyi, don haka ku guji kwari da rami. Ku rufe hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle, ku fara fitar da yara, tsofaffi da masu asma. Idan fita ba ta yiwu ba, ku rufe ƙofa da taga, ku toshe kafofi. Wanda ya shaƙa a kai shi asibiti, kada a tsaya ba shi madara ko manja.

Ƙanwata ta samu sauƙi, alhamdu lillahi, inhelarta tana ƙarƙashin filo. Har yau idan ta yi tari da dare Umma takan tashi ta rufe taga. Ni kuma na yi wa Umma alkawari, duk ranar da likita ya sake yin waccan tambayar, zan ba shi amsa da suna.

Idan akwai irin wannan katanga a unguwarku, ku faɗa mana garin da irin warin da kuke ji, amma kada ku kama sunan kowa sai da hujja. Wanda yake son samfurin shafin littafin nan ko na takardar neman bayani, ya yi magana, za mu saka a shafi. Ku tura wa na kusa da ku, musamman masu unguwanni da limamai.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mu da abin da muke gani da wanda ba ma gani. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.